Daga farauta zuwa birni: Yadda rumbun hatsi ya sauya rayuwar ɗan Adam

Masana tarihin zamanin da sun daɗe suna neman amsar wata tambaya: me ya sa ɗan Adam, bayan ya shafe dubun dubatar shekaru yana farauta da tsintar 'ya'yan itatuwa, ya zauna wuri guda ya kama noma, sannan cikin ɗan lokaci ya koyi sarrafa ƙarfe, ya gina birane, ya kuma ƙirƙiro rubutu?

A cewar masana kimiyya, ƙasusuwa mafi daɗewa na mutane masu siffa irin ta mutanen yau su ne waɗanda aka tono a Jebel Irhoud da ke ƙasar Moroko. A shekarar 2017 aka sanar cewa sun kai kimanin shekara 300,000.

Noma kuwa bai wuce shekara 12,000 da somawa ba. Idan aka bi wannan lissafi, fiye da kashi 95 cikin 100 na zaman ɗan Adam a doron ƙasa ya yi shi ne babu gona, babu garke, babu gari.

A shekarun 1930 wani masani ɗan ƙasar Ostireliya, Gordon Childe, ya bayyana sauyin da cewa juyin juya hali ne har guda biyu, wato na noma da na birane. A ganinsa abubuwan sun biyo juna ne daki-daki: noma ya zaunar da mutane, amfanin gona ya yi rara, rarar ta ciyar da masu sana'a, daga nan birni ya kafu.

Tone-tonen da aka yi daga baya sun nuna cewa ba ko'ina aka bi wannan jeri ba. Sai dai akwai abu guda da ake cin karo da shi kusan duk inda aka duba, shi ne ajiyar abinci, da kuma batun wanda ke da iko da ajiyar.

Yadda ake sanin shekarun

Mutanen wancan zamani ba su bar rubutu ba, don haka masu binciken kufai na dogara ne da abin da ƙasa ta rufe: gawayi, da ƙasusuwa, da tsingaron tukwane, da ƙwayoyin hatsin da suka ƙone.

Kowane abu mai rai, tsiro ne ko dabba, yana ɗauke da wani nau'in sinadari da ake kira kabon-14. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, ta yadda rabinsa ke gushewa duk bayan shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura, ana iya ƙiyasta lokacin da abin ya mutu.

Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Willard Libby, shi ne ya samar da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1940, ta kuma sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1960. Dabarar na aiki ne kan abin da bai wuce shekara 50,000 ba. Abin da ya ɗara haka, da wasu hanyoyin ake auna shi.

Rumbu ya riga gona

Tun kafin noma mutane sun san hatsi. A wani kufai mai suna Ohalo da ke gaɓar tafkin Tabariyya, an gano cewa shekara 23,000 da suka wuce mazauna wurin na tsintar alkama da sha'ir na daji, suna kuma niƙa su a kan dutse. A arewa maso gabashin ƙasar Jodan kuma an tono ɓurɓushin gurasa mai shekara 14,400.

Abin da ya hana su dogara da hatsin shi ne yanayi. A lokacin duniya na cikin zamanin ƙanƙara, sanyi da fari sun yi yawa, yanayin kuma na saurin juyawa. Kimanin shekara 11,700 da suka wuce ne aka fita daga wannan zamani, duniya ta yi ɗumi, damina ta daidaita.

Daga nan alkamar daji ta yawaita a yankin da ya tashi daga Falasɗinu da Siriya, ya bi ta kudancin Turkiyya, ya gangara Iraƙi da yammacin Iran.

A shekarun 1960 wani masanin tsirrai ɗan Amurka, Jack Harlan, ya ɗauki lauje na dutse ya shiga wani fili mai cike da alkamar daji a kudu maso gabashin Turkiyya. Cikin sa'a guda ya yanki abin da ya ba shi kimanin kilo 1 na tsabar hatsi. Ya lissafa cewa iyali guda na iya tara abincin shekara cikin mako 3.

To amma wanda ya tara abincin shekara ba zai iya ɗaukarsa a ka ya ci gaba da yawo ba. Dole ya nemi wurin ajiya, ya kuma zauna kusa don ya yi gadi.

A wani wuri mai suna Dhra da ke kusa da Tekun Gishiri a Jodan, masu bincike sun tono rumbunan laka masu kimanin shekara 11,300. Faɗin kowanne ya kai mita 3, an kuma ɗaga daɓensu sama don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, ɓeraye kuma su kasa kaiwa ga hatsin, kamar dai yadda ake ɗora rumbu kan duwatsu a ƙasar Hausa.

Sha'ir ɗin da aka ajiye a cikinsu na daji ne. Wato rumbu ya riga irin shuka na gida zuwa duniya.

Da farko a tsakanin gidaje ake gina rumbunan, abin da ke nuna cewa na jama'a ne baki ɗaya. Bayan 'yan ɗaruruwan shekaru sai ajiyar ta koma cikin gidaje. Masana na kallon wannan a matsayin alamar farko ta cewa abinci ya zama mallakar iyali, ta yadda wani gida zai iya fin wani.

Yadda ciyawa ta zama hatsi

Zangarniyar alkamar daji takan zubar da ƙwayoyinta da kanta idan ta nuna, domin ta haka take yaɗuwa. Jefi-jefi akan sami wadda ta riƙe nata ƙwayoyin ba su zube ba.

Mai yanka da lauje ya fi samun irin wannan da ba ta zubewa. Idan ya ware wani kaso ya shuka a damina mai zuwa, sai irinta ya ƙara yawa a gonar. A haka aka yi ta tafiya har kusan shekara 2,000, kafin a sami alkamar da ba ta iya yaɗuwa sai mutum ya girbe ta, ya sussuke, ya kuma shuka.

A daidai wannan lokaci, kimanin shekara 10,500 da suka wuce, mutanen yankin suka fara kiwon awaki da tumaki da shanu.

Ba a Gabas ta Tsakiya kaɗai aka yi haka ba. A ƙasar Sin an fara noman shinkafa a kwarin kogin Yangtze, an kuma noma wasu ƙananan hatsi dangin gero a arewacin ƙasar. A kudancin Meksiko, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, aka mayar da wata ciyawa mai 'yan ƙwayoyi kaɗan ta zama masara. A tsibirin Niyu Gini an noma gwaza da ayaba, a tsaunukan Kudancin Amurka kuma dankali. Babu wata alaƙa tsakanin waɗannan al'ummomi a lokacin.

Wasu manyan gine-ginen ma sun riga noma na sosai. A Gobekli Tepe da ke kusa da birnin Urfa na Turkiyya, an kafa ginshiƙan dutse masu tsawon da ya kai mita 5 da rabi, da zanen dabbobi a jikinsu, kimanin shekara 11,500 da suka wuce. Maginan ba su da dabbobin gida. A Ariha da ke Gaɓar Yamma da Kogin Jodan kuma an gina hasumiyar dutse mai tsawon mita 8 da rabi, kimanin shekara 10,000 da suka wuce.

Wahalar da noma ya zo da ita

Ƙasusuwan manoman farko sun nuna cewa sauyin bai zo da sauƙi ba. A wurare da dama an ga cewa sun fi mafarautan da suka gabace su gajarta, haƙoransu sun fi ruɓewa, akwai kuma alamun ƙarancin abinci mai gina jiki, domin sun dogara ne kan hatsi iri ɗaya ko biyu.

A Abu Huraira, wani tsohon ƙauye a gaɓar kogin Furat a Siriya, wata masaniya mai suna Theya Molleson ta gano lahani a babban yatsan ƙafa da gwiwa da gadon bayan matan wurin. Dalilin shi ne durƙuso na sa'o'i a kullum a gaban dutsen niƙa.

Zama a cunkushe tare da dabbobi ya kuma buɗe ƙofa ga cututtuka. Ƙyanda, alal misali, ta samo asali ne daga wata ƙwayar cuta mai kama shanu.

Duk da haka manoma ne suka mamaye duniya, saboda yawan haihuwa. Macen da ke yawo da dangi daga wuri zuwa wuri ba ta iya ɗaukar ƙananan yara biyu lokaci guda, don haka tazarar haihuwarta na da tsawo. Wadda ke zaune a ƙauye kuwa tana da kunu da madara, tana iya yaye da wuri. Sannan filin da ke ciyar da mafarauta kaɗan na iya ciyar da manoma masu yawan gaske.

Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa manoma daga yankin da ake kira Turkiyya a yau sun fara ƙaura zuwa Turai kimanin shekara 8,500 da suka wuce, tare da irinsu da dabbobinsu.

Daga dutse zuwa ƙarfe

Ƙarfen farko da mutane suka yi aiki da shi jan ƙarfe ne da akan tsinta a sarari, a bubbuga shi a yi duwatsun wuya da allurai. Babban ci gaban ya zo ne lokacin da aka gano cewa wani koren dutse, idan aka gasa shi da gawayi, yana fitar da ƙarfe.

Jan ƙarfe na narkewa ne idan zafi ya kai digiri 1,085 a ma'aunin Salshiyas, zafin da wutar girki ba ta kaiwa. Masana na ganin ƙwarewar masu gasa tukwane wajen sarrafa wuta ce ta share hanya. Shaida mafi daɗewa ta narkar da jan ƙarfe an same ta ne a Belovode da ke ƙasar Sabiya, mai kimanin shekara 7,000.

Wannan aiki na bukatar mai haƙar dutse, da mai ƙona gawayi, da mai zuga, da maƙeri. Duk lokacin da suka ɓata a kai, wani ne ke ciyar da su daga rumbunsa.

Ƙarfe ya kuma zama hanyar nuna fifiko. A wata maƙabarta mai kimanin shekara 6,500 da aka gano a Varna ta ƙasar Bulgeriya a 1972, an tono kayan zinariya fiye da 3,000 masu nauyin kusan kilo 6. Kabarin mutum guda na ɗauke da kimanin kilo 1 da rabi, alhali akasarin kaburburan babu zinariya ko kaɗan a cikinsu.

Kimanin shekara 5,000 da suka wuce aka gano cewa idan aka haɗa kashi 9 na jan ƙarfe da kashi 1 na kuza, ana samun tagulla, wadda ta fi ƙarfi da kaifi. Matsalar ita ce kuza ba ta da yawa a duniya, sai an yi fatauci mai nisa kafin a same ta.

Wani jirgin ruwa da ya nutse a gaɓar tekun Turkiyya kimanin shekara 3,300 da suka wuce, wanda aka gano a 1982, yana ɗauke da tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza. Irin wannan dukiya sai sarakuna, shi ya sa tagulla ta fi tafiya wajen makamai da kayan fada.

Baƙin ƙarfe ne ya kai ga talaka. Tama na nan kusan ko'ina, sai dai sarrafa ta ne ke da wuya, domin baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538. Maƙeran da sukan hura murhu ne zuwa kimanin digiri 1,200, su sami wani dunƙule mai haɗe da datti, sannan su yi ta dukansa da zafinsa har dattin ya fita.

Kafin a ƙware a wannan aiki, baƙin ƙarfe ya fi zinariya wuyar samu. A 2016 bincike ya tabbatar da cewa wuƙar da aka binne Fir'auna Tutankhamun da ita an ƙera ta ne da ƙarfen dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya.

Daga kimanin shekara 3,200 da suka wuce ne baƙin ƙarfe ya fara yaɗuwa a Gabas ta Tsakiya. Gatari da fartanya na ƙarfe sun ba manoma damar sare daji da nome ƙasa mai tauri.

Uruk da rubutun farko

Yawancin masana na ɗaukar Uruk a matsayin babban birni na farko a duniya. Kufansa, wanda ake kira Warka, yana kudancin Iraƙi, kusa da garin Samawa.

Ruwan sama bai isa a yi noma a yankin ba, don haka mazauna suka haƙa magudanai daga kogin Furat. Ƙasar ta ba da sha'ir da dabino masu yawa, tumaki kuma suka ba da ulu. Kimanin shekara 5,100 da suka wuce, birnin ya kai faɗin hekta 250, ana kuma ƙiyasta mazaunansa da kusan 40,000. Daga baya aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kilomita 9.

Manyan wuraren bautar birnin su ne kuma manyan ma'ajiyai. Can ake kai amfanin gona, daga can kuma ake raba wa ma'aikata. Masu tono sun sami dubban ƙananan kwanonin laka masu kama da juna, waɗanda masana da dama ke ganin da su ake rabon abinci.

Lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita ya fi ƙarfin a riƙe shi a ka, kuma daga nan ne rubutu ya samo asali. An tono dubban allunan laka masu kimanin shekara 5,200 a Uruk, kuma kusan kashi 85 cikin 100 nasu lissafi ne na hatsi da dabbobi da tufafi da ma'aikata. Alamar da ke nufin cin abinci a wannan rubutu zanen kan mutum ne da kwano a gabansa.

Sauran allunan jerin kalmomi ne da masu koyon rubutu ke kwafa. Ɗaya daga cikinsu na ɗauke da sunayen muƙamai da sana'o'i fiye da 100, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Wasu allunan kuma na ƙidaya bayi maza da mata da yara da irin tsarin da ake ƙidaya dabbobi.

Kudancin Iraƙi ba shi da ma'adinan ƙarfe, katako da dutsen gini kuma sun yi ƙaranci. Da hatsi da tufafi biranen yankin ke sayo su. Rubuce-rubucen baya sun nuna ana kawo jan ƙarfe daga yankin Oman ta hanyar Baharen. Tsarin ƙidayarsu mai tushe 60 shi ne asalin raba sa'a zuwa minti 60.

A Masar, wadda ta haɗe ƙarƙashin sarki guda kimanin shekara 5,100 da suka wuce, da hatsi ake biyan haraji, da gurasa ake biyan ma'aikata. Ƙissar Annabi Yusuf (AS), wanda aka ɗora kan taskokin ƙasar don tanadin shekarun yunwa, na nuna irin matsayin da ajiyar hatsi ke da shi a mulkin Masar.

Sai dai ba duk biranen farko ne suka yi kama da Uruk ba. Mohenjo-daro da ke Pakistan, mai kimanin shekara 4,500, na da tituna a miƙe, da ɗaruruwan rijiyoyi, da magudanan ƙazanta a rufe, amma ba a sami wata fada ko kabarin sarki da aka tabbatar ba. Caral da ke ƙasar Peru, sa'arta a shekaru, ta gina manyan dala ba tare da ƙarfe ko tukwane ba.

Afirka: kiwo kafin noma

A Afirka kudu da Sahara an bi wata hanyar ce dabam, kuma yanayi ne ya shata ta.

Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ƙasa ce mai ciyawa da tafkuna. Tafkin Chadi a lokacin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000. A Gobero da ke hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, an gano wata maƙabarta a shekarar 2000 mai kaburbura kusan 200, a bakin wani tafki da ya ƙafe, tare da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina.

A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwale-kwale mai tsawon sama da mita 8. Gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka gano a Afirka.

Mazauna Sahara sun fara ginin tukwane da wuri. Tsingaron da aka samu a Ounjougou ta ƙasar Mali ya haura shekara 11,000. Sun kuma yi kiwon shanu dubban shekaru kafin su fara shuka irin gida. Ragowar kitsen madara da aka gano a jikin tukwane a kudu maso yammacin Libiya ta nuna ana tatsar shanu a can shekara 7,000 da suka wuce.

Masana na ganin dalilin shi ne rashin tabbas na ruwan sama. Gona ba ta ƙaura idan damina ta yi gardama, garke kuwa ajiya ce mai tafiya da ƙafafunta.

Da Sahara ta fara bushewa, jama'a suka gangaro kudu, noma ya ƙara muhimmanci. An sami shaidar geron gida mai aƙalla shekara 4,500 a kwarin Tilemsi da ke Mali, da ta dawa mai kimanin shekara 5,000 a gabashin Sudan, kusa da Kassala. An sami wake mai kusan shekara 3,800 a tsakiyar Ghana. Dukkansu daga tsirran dajin Afirka aka samar da su, kuma gero da dawa sun kai Indiya tun zamanin da.

Nok, Zilum da Jenne-jeno

A akasarin Afirka kudu da Sahara babu wani dogon zamanin tagulla. Daga kayan dutse aka wuce zuwa baƙin ƙarfe, kodayake an yi aikin jan ƙarfe a kewayen Agadez da kuma Akjoujt ta ƙasar Murtaniya.

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin laka a ƙauyen Nok da ke kudancin jihar Kaduna ta yanzu. A shekarun 1960 wani masani ɗan Birtaniya, Bernard Fagg, ya gano murhunan sarrafa tama a Taruga, kusa da Abuja, masu kimanin shekara 2,500. Binciken da Jami'ar Frankfurt ta Jamus ta fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ya nuna cewa al'ummar Nok manoman gero ne, kuma sun fara zama a yankin kimanin shekara 3,500 da suka wuce.

Har yanzu masana na muhawara kan ko Afirka ta gano aikin baƙin ƙarfe da kanta ne, ko kuwa ya shigo ne daga arewa. Masu ra'ayin farko na kafa hujja da wasu murhuna a tsaunin Termit na Nijar, waɗanda wasu gwaje-gwaje suka ba su fiye da shekara 3,000. Masu adawa na cewa mai yiwuwa gawayin da aka auna ya girmi murhunan.

Abin da ke ƙara wahalar da binciken shi ne haƙar sata. An wawure wuraren Nok da dama don sayar da mutum-mutumin a ƙasashen waje, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya su cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari. Da zarar an tumɓuke abu daga inda yake, an lalata gawayi da ƙwayoyin hatsin da za su bayyana shekarunsa.

A Zilum, arewa da Maiduguri, an gano wani gari mai kimanin shekara 2,500 da faɗin hekta 12, kewaye da gwalalo, cike da ramukan ajiya da manyan tukwanen zuba hatsi.

A Mali kuwa, tonon da Roderick da Susan McIntosh suka fara a 1977 ya nuna cewa an kafa Jenne-jeno kimanin shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Zuwa wajajen shekara ta 800 Miladiyya garin ya kai hekta 33, da ganuwa mai tsawon kilomita 2, da gomman ƙananan garuruwa a kewayensa. Mazaunansa na noman shinkafar Afirka, suna kama kifi, suna kuma sayo tama daga nesa. Ba a gano fada a cikinsa ba. Wannan bincike ya rushe tsohuwar fahimtar da ke cewa babu birane a Afirka ta Yamma sai da fataken Larabawa suka iso.

A Kano ma, an sami shaidar sarrafa tama a dutsen Dala tun ƙarni na 7 Miladiyya, abin da ya zo daidai da labarin baka na Abagayawa, maƙeran da aka ce sun zo daga Gaya neman tama. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ganuwar birnin. Ganuwar ta kewaye har da filayen noma masu faɗi, don kada abinci ya yanke idan abokan gaba suka yi wa birnin ƙawanya.

Gadon da ya rage

Ana ƙiyasta cewa mutanen duniya ba su wuce miliyan 10 ba lokacin da aka fara noma. A watan Nuwamban 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa sun kai biliyan 8, kuma fiye da rabinsu a birane suke zaune.

Kusan rabin ƙarfin abincin da jama'ar duniya ke samu daga tsirrai yana fitowa ne daga alkama da shinkafa da masara, wato irin da manoman farko suka zaɓa. Dukkansu kuma an samar da su ne a cikin daidaitaccen yanayin da ya biyo bayan zamanin ƙanƙara, yanayin da masana kimiyya ke cewa yana sauyawa a yanzu.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a 2008 aka buɗe wata ma'ajiyar iri a cikin dutse a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe, inda ake adana samfuri fiye da miliyan 1 a cikin tsananin sanyi. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan na cikin waɗanda suka fara aika iri can, ciki har da wake.

A 2015 aka fara cire iri daga ma'ajiyar. Wadda ta nemi hakan ita ce cibiyar ICARDA, bayan da yaƙin Siriya ya raba ta da ma'ajiyarta ta Halab, mai ɗauke da tsofaffin nau'o'in alkama da sha'ir na yankin da aka fara noma su. An sake shuka irin a Labanon da Moroko, daga baya kuma aka mayar da sabon iri Svalbard.